Aska Ta Takwas

Salamu alaikum, masu karatu. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, don haka in kun ga na yi tuntuɓe ku ɗaga ni a hankali.

Sunana Ni'ima, ni ce auta a gidan Malam Abdulsalami mai zane, a Malikanchi. Duk wanda ya taɓa sa babbar riga mai aikin hannu tsakanin Ikara da Maƙarfi, da wuya in ba alƙalamin Babana ne ya fara bi ta kanta ba. Shi ba ya ɗinki. Shimfiɗa masa shadda ake yi a kan tabarma, ya tsoma alƙalamin kara a kurtun tawada, ya fitar da zanen aska da tambari da gidan zuma, sannan mata su bi layinsa da allura. Innarmu Kulu ita ce babbarsu.

To, Baba yana da wata ɗabi'a da duk dangi suka sani. Ba ya cewa "na ba ka" da baki. Ranar da ya yarda da mai neman 'yarsa, sai ya ɗauki igiyar awo ya fita zaure ya auna kafaɗarsa, ya dawo ya zana masa rigar ɗaurin aure da hannunsa. Haka ya yi wa mijin Yaya Atika, haka ya yi wa na Yaya Hafiza.

Ni kuwa igiyar ta ƙi sauka daga ƙusa.

Zayyad malamin gona ne, ɗan Kudan. Tsutsar masara ce ta kawo shi gonar Baba, ni kuma aka aiko ni da kunun zaƙi, shi ke nan tsutsa ta mutu shi bai daina zuwa ba. Kawunsa Muktar ya yi ta sintiri gidanmu da goro, kullum amsar Baba ɗaya ce: "Allah ya nuna mana lokaci." Yayyena suka ce ƙila bincike ne bai yi kyau ba. Gwaggo ta ce boko ne ya yi mini yawa har Baba yake jin kunyar kai ni gidan mutane. Ni dai ina ɗaki ina karanta shafi ɗaya ina maimaitawa ban san me ke cikinsa ba.

Ranar Talata da safe ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Zayyad ne.

*Injiniya, kin tashi lafiya?*

*Lafiya lau, malamin tsutsa. Ya na ji babu dariya yau?*

Na ga yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa. Can saƙon ya iso.

*Kawu ya ce Juma'ar nan za mu zo. In bai ji an sa rana ba, ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka Malikanchi a kan maganar nan ba. Na roƙe shi har na gaji. Ni'ima, me na yi wa Baba?*

Na ajiye wayar. Da kumfar sabulu a hannuna na faɗa ɗakin Inna. Tana zaune bakin gado da tabaronta a kan hanci, tana zura koren zare a allura.

"Inna, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Baba ba ya son..." Na kasa faɗin sunan. "Ba ya son mutanen Kudan ne?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Goge hannunki. Ja ƙofar."

Ta ɗaga katifa ta zaro wata farar shadda a naɗe cikin leda, irin mai tsadar nan da in ka taɓa take ƙara. Ta warware ta a kan gado. A wajen ƙirji akwai layi ɗaya na tawada, ya taso daidai, sai ya fara karkarwa kamar sawun tana a laka, ya ƙare da wani baƙin ɗigo kamar kwabo.

"Tun zuwan Muktar na farko ya je Zariya ya sayo wannan," in ji Inna. "Don yaron ya saye ta."

Na san Baba ya yi ciwon hawan jini bara ina makaranta. Na san ya warke, yana zuwa gona, yana ɗaukar buhu ma. Da ya daina karɓar aikin zane cewa ya yi noma ya fi auki, muka yarda. Ashe hannun yana riƙe fartanya lafiya lau, siririn abu ne in ya kama yake rawa.

"To ya ba wani ya zana mana, Inna."

"Ya zana wa mazan yayyenki, ke ya kai rigar naki mijin kasuwa? Kin san ubanki kuwa?" Ta shafa ɗigon da yatsa. "Tawada ba ta jin ban haƙuri, Auta. In ta zauna ta zauna. Kuma in kika nuna masa kin ga wannan, ni da ke ne."

Na fito na zauna a kan turmi ina kallon kaji. A nan ne tunanin ya zo mini, kuma wallahi da farko tsoro ya ba ni.

Kwamfuta na karanta. Aikina na kammala makaranta shafin yanar gizo ne da na gina wa su Inna, inda ake ganin hotunan riguna da huluna a yi oda. Tun tuni nake son in sa masa wajen zane, saboda masu oda kan rubuto abu kamar "irin ta Alhaji wane amma ban da wancan abin na gefe", a bar su Inna da hamma. Gina wajen zane daga tushe kuwa aikin watanni ne, ni kuma Juma'a ce a gabana.

Sai dai a sana'armu akwai abin da ake kira laburare. Ba na littattafai ba. Wani aiki ne da wasu suka riga suka rubuta, suka gyara, suka ajiye a fili, kowa ya ɗauka ya dasa a cikin nasa shafin.

Na ɗauki laftof na tafi gindin mangwaron bayan gida, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa sosai. Na kife kwando na ɗora. Na yi ta dubawa har na sami wata ƙarama, marar nauyi, wadda ba za ta cinye wa mutanenmu data ba. Na sauko da ita. Na buɗe wani fili a cikin shafin, na rubuta 'yan layukan da ke ce mata ga gidanki nan, zauna. Na sabunta shafin.

Babu komai.

Na sake. Babu komai. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai da na kusa manna idona a gilashi na hango wani siririn layi kamar zaren Inna. Ashe tana nan, ni ce na ba filin faɗi na manta ban ba shi tsawo ba. Na gyara, na danna.

Farin fili ya buɗe a tsakiyar shafina, fes, kamar an shimfiɗa sabuwar shadda. Na buɗe shi a waya na ja yatsa, baƙin layi ya biyo ni.

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wasu mutane ne da ban san sunan garinsu ba, ba su san akwai wata Malikanchi a duniya ba, suka zauna suka yi wannan wahalar suka bar ta a hanya, kamar randar da ake ajiyewa a ƙofar gida don mai wucewa ya sha. Ga ni a gindin mangwaro, akuya na cin gefen kwandona, ina sha. Na daɗe ina cewa Allah ya saka musu, ko su wane ne.

Da na shiga bayaninta na tarar da abubuwa biyu da suka sa na miƙe tsaye. Akwai maɓallin da ke janye layin da aka ja na ƙarshe. Akwai kuma wani ma'auni da in ka ƙara shi, yake tausasa layi ya share karkarwar hannu.

*Malamin tsutsa, ara mini tabulet ɗinka mai biro. Kada ka tambaye ni dalili.*

*Ni da nake shirin ba ki gida guda, tabulet ne zai gagara? Amma dai dalilin?*

*Na ce kada ka tambaya.*

*To ranki ya daɗe.*

Direban motar Kudan ya kawo tabulet ɗin ranar Alhamis a naɗe cikin buhun taki, da sandunan rake a ɗaure a jiki.

Ranar Juma'a tun hantsi Inna ta ɗora dambu, ta sa ni na share zaure na shimfiɗa darduma. Na sa atamfata ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama, na kwance na sake. Da aka sauko daga masallaci Baba ya shigo ya zauna a inuwar rumfa ya cire hula. Fuskarsa kamar ta wanda ke jiran hukunci. Ya san su waye ke tafe.

Na durƙusa nesa kaɗan. "Baba, sannu da dawowa. Ya jama'a?"

"Lafiya lau, Auta. Mene ne wannan a hannunki?"

"Aikin makaranta ne, Baba. Na sa wajen zane a shafin su Inna, to ban san ko ya yi ba. Ni ban iya zane ba. Na ce ko za ka gwada mini."

Ya dubi Inna. Inna ta duƙufa a kan tukunya kamar ba ta taɓa ganin dambu ba.

"Na bar zane."

"Ai ba shadda ba ce, Malam," in ji Inna ba ta juyo ba. "Gilashi ne. In ya ɓaci wa ya yi asara?" Kafin ya ce wani abu ta shige ɗakinsa ta fito da buzunsa da tsohon kurtunsa, ta ajiye a damansa yadda ta saba yi tun kafin a haife ni.

Ya karɓi biron yana juya shi. Ya yi bisimilla ya ɗora. Layin ya fita ya karkace ya yi gefe. Na ga zai ajiye. Na yi maza na taɓa maɓallin janye layi. Layin ya ɓace.

Baba ya juya tabulet ɗin ya duba bayansa. Ya shafa gilashin ya dubi yatsansa.

"Ina ya tafi?"

"Ya koma, Baba. Kamar ba a yi ba."

"Kamar ba a yi ba," ya maimaita a hankali. Ya ja wani layin da gangan, ya taɓa wurin da kansa, ya ɓace. Ya sake. "Ikon Allah. Kulu, zo ki ga tawada mai yafiya."

Na ƙara ma'aunin tausasawar har ƙarshe. Ya gyara zama ya fara aska. Kun san aska a jikin riga, doguwa ce mai tsini kamar wuƙa. Da yake wannan biron ba ya buƙatar tsomawa a tawada, sai ya ja ta a tafiya ɗaya, ya sauka ya juyo ya hau bai ɗaga hannu ba. Layin ya fito sumul, babu karkarwa ko kaɗan. Na kusa yin guɗa.

Baba ya karkata kai. "Wannan ai harshen saniya ne."

Na leƙa. Gaskiyarsa. Abin da ya share rawar hannun shi ne ya share tsinin, ya mayar da bakin askar kamar cokali. Ita manhajar ba ta san bambancin karkarwa da kusurwa ba, duk lanƙwasa ce a wurinta.

"Bari in rage, Baba."

Na rage. Tsini ya dawo, karkarwar ma ta dawo, ta fito ɓaro-ɓaro a kan farin gilashi a gabanmu mu uku. Na ƙara kaɗan, harshen saniya. Na rage kaɗan, sawun tana.

Ya ajiye biron a kan buzu. "Kin yi ƙoƙari, Auta. Allah ya yi miki albarka." Muryarsa ce ta karya ni, don babu faɗa a cikinta.

Wayata ta motsa a cinyata. *Mun baro Ikara. Kawu ko rediyo ya hana a kunna.*

Tururin dambu na tashi, wata kaza tana tono a gindin randa. Baba yana kallon askar nan marar kyau, kuma na san shi, ba ya iya barin mummunan zane a gabansa ko na wani ne. Hannunsa ya koma kan biron da kansa. Hankalinsa na kan gilashin, sai kawai na ga ya miƙa hannun dama ya tsoma biron a cikin kurtu.

"Baba! Biron mutane!"

Ya zaro da sauri. Muka duba, babu ko ɗigo. Tawadar ta bushe tun bara, sai ɓawo a gindi.

Inna ce ta fara dariya, har da riƙe ciki. "Malam, gilashin ma sai ka shayar da shi?"

"Hannu ne ya tafi gidansu," in ji Baba, shi ma yana murmushi. "Ku bar ni." Kamar don ya ba ta haushi ya sake tsomawa, ya karkaɗe a bakin kurtun yadda yake yi, ya ja layi ɗaya gajere daga sama zuwa ƙasa, iyakar inda tawada ta saba kai shi. Ya ɗaga. Ya tsoma. Ya ja na biyu ya sauko ya same shi.

Inda suka haɗu, tsini ne kamar na allura.

Nan na gane. Ita laburaren kowane layi daban take tausasawa, daga inda biro ya sauka zuwa inda ya tashi. In an ja aska a tafiya ɗaya sai ta cinye kusurwar. In layi biyu ne suka haɗu, babu ruwanta da mahaɗarsu. Shi kuwa Baba duk rayuwarsa bai taɓa zana tsini a tafiya ɗaya ba, tawada ba ta taɓa barinsa ba. Na lallaɓa na mayar da ma'aunin sama.

"Baba, ci gaba da tsomawa. Don Allah kada ka daina."

Bai ma ji ni ba. Tsoma, karkaɗe, ja. Tsoma, karkaɗe, ja. Ƙarar biron a bakin busasshen kurtu, ƙwas, ƙwas, ita ce ƙarar da nake ji ina yarinya in ina kwance a bayan Inna. Askake suka fara jeruwa, kowace da tsininta. Ya zagaya tambari, da'ira cikin da'ira, in ɗaya ta kauce ya taɓa maɓallin da ɗan yatsa ko kallo ba ya yi, kamar da shi aka haife shi. Inna ta bar tukunya ta zo ta tsaya a kansa da ludayi a hannu. Ta dubi inda ya ɗora tambarin, ta dube ni. Daidai wurin baƙin ɗigon nan ne na shaddar ƙarƙashin katifa. Zare zai rufe shi ruf.

"Yaya za a yi ya sauka a kan riga?" ya tambaya bai ɗago ba.

"Akwai masu buga manyan takardu a Ikara, Baba. Za su fitar da shi daidai girman riga. A ɗora a kan shadda da takardar kabon, Inna ta bi."

"Hm."

Sai na tuna wani abu da na gani a bayanin, ban ma gwada ba. Laburaren ba hoto take ajiyewa ba, kowane layi take riƙewa da yadda aka ja shi, bi da bi. Na ce, "Baba, ɗaga hannunka kaɗan." Na taɓa.

Filin ya koma fari. Sai layin farko ya fito shi kaɗai, babu hannu a kansa. Ya tsaya, daidai tsawon tsoma biro. Na biyu ya sauko ya same shi. Zanen yana zana kansa a gabanmu, da saurin Baba, da jinkirinsa, har ɗan tsayawar da yake yi kafin ya shiga tambari.

"La'ilaha illallahu," in ji Inna, ta dafe baki.

Baba ya kalla har ƙarshe bai ƙifta ba. Da ya yi magana, ba da mu yake ba. "Haka Babana yake farawa. Daga hagun wuya. Na ɗauka na manta wanda ya koya mini." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Wannan zai zauna? Ko bayan ba ni?"

"Zai zauna, Baba. Duk mai son koyo zai ga yadda hannunka ya bi."

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Aka rufe ƙofa, aka sake rufe wata. Murya mai kauri ta yi sallama daga zaure, irin sallamar wanda ya riga ya shirya abin da zai faɗa.

*Mun iso. Ki yi mana addu'a, Injiniya.*

Baba ya amsa sallamar da ƙarfi. Ya sa hularsa ya miƙe. Bai nufi zaure ba, ɗakinsa ya shiga. Muka ji ɗan motsi a jikin bango. Ya fito yana kaɗe ƙura daga igiyar awo, yana naɗe ta a hannu.

Ludayin Inna ya faɗi ƙasa. Ni kuwa na ja ɗankwalina na rufe fuska, kunya da kuka suka haɗe mini.

Har ya kai bakin zaure sai ya juyo.

"Auta. Ƙirga askaken nan."

Na leƙa ta ƙasan ɗankwali na ƙirga. "Bakwai ne, Baba. Saura ɗaya su cika takwas."

"Na sani. Kin ga yadda ake yi, abin naki ma zai sake nuna miki. Kafin in sallami baƙi in tarar da ita."

"Baba, ni? Ai ban taɓa... kuma mace ba ta..."

"Rigar mijin wa ce?"

Ya shige. Daga zaure na jiyo Kawu Muktar ya gama gaisuwa ya gyara murya, "To Malam, mu dai yau mun zo ne mu ji..." sai muryar Baba ta katse shi: "Muktar, ɗan dakata. Kai yaro, tashi tsaye. Buɗe hannuwanka."

Inna ta turo mini kurtun da ƙafa. Na ɗauki biron, da sauran ɗumin hannun Baba a jikinsa. Nawa hannun yana rawa fiye da nasa. Na yi bisimilla, na tsoma.